"Motana Ya Yi Harbi": Zuwa Ga Bawana Na Zazzau

Bazazzagi, bawan gidanmu, barka da shan wuya. Ina gajiyar turi? A bakin titi ka riƙe hannuna ka ce don girman zumunci kada in faɗa wa kowa abin da ya faru, ni kuma na amsa maka. Alkawari yana nan daram, ban faɗa wa kowa da bakina ba, rubutawa kawai na yi. Sunanka ma na sakaya, don na tabbata duk Tudun Wadar Zariya babu wanda zai gane mai jar Golf 3 ɗin nan da ƙofar bayanta ba ta buɗuwa sai daga waje.

Ranar Lahadi ce, ɗaurin auren ƙanwata ƙarfe goma sha ɗaya, ina tsakiyar lissafin goro sai ga wayarka. Murya na rawa ka ce, "Ɗan'uwa, motana ya yi harbi." Na ce wa ya yi harbi? Ka ce, "Motana." Nan na gane tushen matsalar tun kafin in ga injin. A Kano mota mace ce, motata muke cewa, shi ya sa muke lallaɓa ta. Ku kuwa a Zazzau kun mayar da ita namiji, kun mayar da riga namiji, kun mayar da hula namiji, to me zai hana ku kama mota da kokawa?

Na bar goro, na ɗauki bakanikena, muka kama hanya har Kwanar Ɗangora. Na tarar da kai cikin shadda bugaggiya, hula a karkace, uwargida da yara a gindin bishiya suna fifita. An ɗaga bonet, ga fulogi na uku yana reto a jikin wayarsa kamar ɓeran da aka kama ta wutsiya. Bakanike ya ɗauke shi ya juya, ya nuna mini wani siririn farin ƙarfe da ya nannaɗe a jikin tiredinsa kamar taliya. Wannan taliyar naman injinka ce, haƙoran ramin da fulogin ke zama a ciki, ya fito da su gaba ɗaya. Sai ya tambaye ka cikin ladabi, "Alhaji, wa ya ɗaure wannan?" Ka gyara hula ka ce wani yaro ne a unguwa. Autanka, Allah ya yi masa albarka, ya ɗaga murya daga gindin bishiya ya ce, "Baba ne, da bututun famfo."

Yaron nan jininmu ne ta wajen gaskiya. Shi ya kwashe mini sauran labarin a hanya, ban ba shi komai ba sai gurasa.

Ashe ranar Asabar ka tashi da niyyar yi wa mota sabis da kanka, wai kanikawa sun cika tsada. Ban ga laifinka a nan ba, ni Bakano ne, duk abin da zai hana kuɗi fita daga aljihu ina goyon bayansa. Canjin fulogi kuma aiki ne da magidanci zai iya yi a ƙofar gidansa kafin a sauke shayi. Amma sai da ka kai yara Islamiyya, ka zagaya Sabon Gari ka sayo fulogan, ka dawo injin yana huci, a nan take ka hau shi da sifana. Tof ɗin Golf 3, wato kan injin inda fulogai ke zaune, na alminiyum ne, ɗan'uwan abin da ake zuba tukwanen da muke kira na dalma. Fulogi kuwa jikinsa ƙarfe ne. Alminiyum ya fi ƙarfe laushi nesa ba kusa ba, kuma idan ya ɗauki zafi ya fi ƙarfe buɗewa, ya ƙara laushi. Duk wanda ya murɗa ƙarfe a cikinsa yana da zafi, tamkar ya cusa ƙusa ce a cikin sabulu. Shi ya sa ake barin injin ya huce har ka iya ɗora tafin hannunka a kansa ka bar shi, mafi kyau ma a yi aikin da sassafe kafin a tayar da mota.

Sai kuma ka fizge wayoyin huɗu a lokaci guda ka watsar, kamar mai tsinke zogale. Injin nan ba ya kunna silindoginsa a jere. Na ɗaya ne ke fara kamawa, sai na uku, sai na huɗu, sai na biyu, kowace waya da gidanta. An ce har azahar kana musanya su, mota na tari tana atishawa, kana cewa fetur ne ba shi da kyau, sai da ɗan maƙwabcinka mai koyon gyaran babur ya zo ya jera maka su. Mu a Kano ɗaya ake cirewa, a canza fulogin, a mayar da wayar, kafin a taɓa ta gaba. Ko a kasuwa ba a buɗe buhu huɗu lokaci guda.

Ban ji kuma an ce ka hure ƙurar da ke kewaye da fulogan kafin ka kwance su ba. Ƙasar da iska ke tarawa a wannan lungun, da zarar an zare fulogi, cikin silinda take gangarawa, ko ta maƙale a mazauninsa ta hana sabon zama daidai. Ɗan tsumma da famfon busa taya sun isa.

Duk waɗannan ƙananan zunubai ne. Babban shi ne ɗauri.

Ka san me ya sa kanikawan kirki ke fara sa fulogi da yatsu? Saboda yatsa yana ji, sifana kuwa kurma ce. Idan fulogi ya hau tiredinsa daidai, zai yi ta shiga sumul, zagaye bayan zagaye, ba tare da ka yi nishi ba, har ka ji ya zauna. Idan ya hau a karkace, tun a zagaye na farko ko na biyu zai cije, yatsunka su gaya maka, ka warware ka sake. Wasu ma sukan fara murɗawa baya kaɗan har su ji ɗan "ƙas", alamar bakin tiredi ya haɗu da ɗan'uwansa, sannan su yi gaba. Inda rami ya yi zurfi yatsa ba ya kaiwa, sai a cusa kan fulogin a guntun tiyo na roba a murɗa da shi, don in ya cije tiyon zai sulɓe, ba zai ci ƙarfe ba. Kai kuwa tun daga bakin rami ka ɗora masa sifana. Da na uku ya cije, maimakon ka tambaye shi dalili, sai ka ɗauka raini ne. Bazazzagi ba ya son raini, ko daga ƙarfe ne. Ka aika aka ɗauko maka ragowar bututun da mai gyaran famfo ya bari a bayan gida, ka zura a hannun sifana, ka tokare ƙafa da bamba.

Bari in yi maka lissafi, tunda ku ne masu taƙama da boko. Tun 1962 jami'a take zaune a Samaru, a bakin ƙofarku, da sashen injiniya da komai, amma sai Bakano ɗan kasuwa ne zai zo ya koya maka awo. Ƙarfin murɗawa ana auna shi da wani mizani da ake rubutawa Nm. Fulogi mai kaurin tiredi milimita 14 mai washa, irin na motarka, idan a tof na alminiyum zai zauna, kamfanin NGK mai ƙera fulogai ya ce Nm 25 zuwa 30 ya ishe shi. Nm 25 ɗin nan, in hannun sifanarka ya kai santimita 25, daidai yake da ka rataya bokitin ruwa mai lita 10 a ƙarshen hannun. Shi ke nan. Bokiti ɗaya, wanda 'yarka ke ɗauka daga rijiya tana waƙa. Idan kuwa ka zura bututu mai tsawon mita ɗaya, nauyin kilo biyu da rabi kacal ya kai wannan awon. Kai kuma da na san ka, da abin da tuwon Zazzau ya yi maka a 'yan shekarun nan, ko kilo 20 kawai ka jingina a kan bututun nan, ka ba fulogin kusan Nm 200, ninki takwas na abin da ya nema. Notin taya ma, da ke riƙe da mota da kai da iyalinka, Nm 100 da 'yan kai ake ɗaure shi. Ka ɗaure fulogi fiye da taya, sa'an nan kana mamakin harbi.

Autanka ya ce kana cikin ja sai abin ya yi laushi farat ɗaya, ka share gumi ka ce, "Yauwa, ya zauna." Wannan laushin shi ne kukan ƙarshe na tiredi. Duk bakaniken da ya taɓa jin sa a hannunsa ya san yadda ciki ke ɗurar ruwa a wannan lokacin. Kai kaɗai ne ka ji shi ka yi hamdala.

Na san abin da za ka ce, wai ba ka da sifana mai auna ƙarfi, irin wadda ake saita mata lamba ta yi "ƙyas" in an kai. Ni ma ba ni da ita, aro nake yi, ka san halinmu. Amma masu ƙera fulogi sun san yawancin mutane ba su da ita, shi ya sa suka ba da awo na biyu wanda ba ya buƙatar komai sai ido, kuma sau da yawa yana nan a zane a jikin kwalin da ka yage ka jefar. Ka murɗa da hannu har washa ta taɓa mazauninta. Daga nan ka ɗora sifana, in sabon fulogi ne mai milimita 14, ka ƙara rabin zagaye zuwa kashi biyu cikin uku na zagaye. Ka ɗauki hannun sifana a matsayin hannun agogo, in ya tashi daga 12, ya tsaya tsakanin 6 da 8. A cikin wannan rabin zagayen za ka ji washar tana lotsewa a hankali, don dama ba daskararren ƙarfe ba ce, naɗaɗɗiya ce, an yi ta ne ta matse sau ɗaya ta toshe iska. Da ta gama lotsewa za ka ji sifana ta yi nauyi. Nan ake tsayawa, ko da zuciya na cewa a ƙara.

In kuwa tsohon fulogi ne ka cire ka duba za ka mayar, washarsa ta riga ta lotse, babu sauran rabin zagaye a jikinta. Daga 12 zuwa 1 ya isa. Akwai kuma fulogan da ba su da washa sam, gindinsu a fiƙe yake kamar bakin mazurari, su ɗan motsi kaɗan suke so bayan hannu, kamar kashi ɗaya cikin 16 na zagaye. Ƙananan fulogai na milimita 12 da 10, irin na babura da sababbin motoci, su ma ƙarfinsu bai kai na naka ba, na 12 wajen Nm 15 zuwa 20, na 10 wajen 10 zuwa 12. In littafin motar yana nan, lambar da ke ciki ita ce gaba da kowace. Naka littafin na san tun a Kwatano aka rabu da shi.

Wani abu kuma da na gani da idona, tiredin sauran fulogan uku sharkaf da giris. Ka ce wai don su yi saurin fita nan gaba. To ai ɗaya ya fita da sauri. Fulogan zamani masu jiki fari mai sheƙi an riga an yi musu rufi da ke hana su kamawa da tsatsa, kuma NGK da kansu sun ce kada a shafa musu komai, don maiƙo yana rage cijewar tiredi, ya yaudari hannu, har ya yaudari sifana mai awo, ɗauri ya zarce da kusan kashi 20 cikin 100 ba ka sani ba. Kai ka haɗa giris da bututu da zafin inji da zafin zuciya. Gyaran gangar Auzinawa ma ya fi wannan tausayi.

Kada ka ce na cika baki, bari in tona nawa asirin kafin ka tona, don na san kana da shi a ajiye. Shekarun baya ni ma na yi nawa, amma ta ɗaya gefen, ta hanyar da ta dace da Bakano. Tsoron kada in lalata abin da na saya da kuɗina ya sa na ɗaure fulogai da hannu kawai, na ɗan taɓa su da sifana kamar mai gaida suruki. Mako biyu mota tana wani "tsit-tsit" in na taka, tana jijjiga a danja, tana shan mai kamar ba ni ke saye ba. Da bakanike ya duba, fulogi ɗaya da yatsa biyu ya warware shi, baƙin hayaƙi ya yi masa zobe a wuya. Ya ce saura kaɗan in sayi fistin. A ranar na fahimci aikin ɗaurin nan. Bakin fulogi yana zaune ne a cikin wuta, kuma ana so zafinsa ya tsaya tsakanin digiri 500 zuwa 800 a ma'aunin Salshiyas, ya isa ya ƙone dattin da ke taruwa a kansa, amma kada ya wuce. Hanyar da yawancin zafin nan ke bi ya fita ita ce ta mazaunin fulogin da tiredinsa, ya shiga tof, ruwan lagireto ya kwashe. Fulogin da bai zauna ba ya rasa wannan hanyar, sai bakinsa ya yi jajir kamar garwashi, ya riƙa kunna fetur tun kafin lokacinsa, fistin na tasowa wuta na dukansa, har ta iya huda shi. Kuma yana rawa a raminsa yana cin tiredin a hankali, ƙarshensa shi ma harbi. Ka ga ni rowa ta kusa kai ni inda ƙarfin tuwo ya kai ka. Bambancin kawai, ni a cikin gari abin ya same ni, babu shadda, babu shaidu.

Shi ma wanda aka matse fiye da kima, ko tiredi bai tsinke ba, ba lafiya gare shi ba. Jikin ƙarfen yana miƙewa, abin da ke riƙe da farin tangaran ɗin nan a ciki ya saki, iska ta riƙa zurarewa, wani lokacin tangaran ya tsage. Wutar da ke bi ta cikinsa tana iya haura volt 20,000, kuma wuta ba ta da kunya, in ta sami tsaga nan za ta bi ta huta da tsallaka tazarar da aka yi mata. Sai mota ta fara misin, mai ita ya zargi koyil, ya zargi gidan mai, ya zargi maƙiya. Sauran fulogan naka uku bakanike ya ce kada a mayar da ko ɗaya, da ƙyar ma suka fito, yana kwancewa yana salati.

Don in kwantar maka da hankali, ba motarka ce ta fara harbi a duniya ba. A Amurka akwai manyan injinan Ford da ake kira Triton, na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, da suka yi suna wajen tofar da fulogi, saboda haƙoran ramin 'yan kaɗan ne a cikin alminiyum. Su aƙalla suna da uzuri. Naka ramin haƙoransa cikakku ne, lafiyayyu, sun yi shekara kusan 30 suna aiki, sun tsallake teku, sun tsallake kanikawan gari uku, sai a hannunka suka gamu da ajali.

Sauran labarin ka san shi. Igiya muka ɗaura, na ja ka har Kano, kana bayana kana riƙe da sitiyari kamar wanda ake kai wa kaciya, masu kifi a Kura suna ɗaga maka hannu. Ɗaurin aure ya wuce mu, ƙanwata har yau tana cewa Zage-zagi sun cinye mata wa. Washegari aka shiga Ƙofar Ruwa neman gaskit, aka sauke tof ɗin aka kai wa masu aikin ƙarfe, suka faɗaɗa ramin, suka yanka sabon tiredi, suka dasa masa wani murɗaɗɗen ƙarfe a ciki da fulogi zai riƙa kamawa. Ana iya yin wannan aikin ba a sauke tof ba, a shafa giris a jikin abin yankan ya riƙe ɓarɓashi, amma da bakanike ya ga yadda ka yi wa ramin sai ya ce shi dai ba zai ɗauki alhakin abin da zai faɗa cikin silinda ba. Kuɗin da ka kashe, da na gaskit, da na sabon mai, da na fulogai huɗu karo na biyu, ya isa a yi maka sabis a gareji har autanka ya gama firamare. Garin neman gira ke nan.

Na lura da wani abu lokacin da ake mayar da fulogan. Bakanike ya miƙa wa autanka ɗaya ya ce ya sa. Yaron ya kama da yatsu uku, ya murɗa baya kaɗan, ya yi gaba, sumul har ƙasa. Aka ba shi sifana, ya ja daga 12 zuwa 6, ya ɗan ƙara, ya tsaya, ya dubi ogan. Ogan ya taɓa ya ce ko shi iyakar abin da zai yi ke nan. Kana tsaye hannu a baya kana cewa ai kai ka koya masa. Mun ji, mun kuma yi shiru saboda idon yaro.

Yanzu ga abin da ya rage tsakaninmu. Akwai kuɗin man da na ƙona zuwa Kwanar Ɗangora da dawowa da nauyinka a bayana, akwai kuɗin igiya, akwai gurasar shaida. Na san za ka ce Bakano ko gawa ya ja sai ya rubuta rasit, to na rubuta, yana nan. Bututun famfon kuma yana wurina, na ciro shi daga but ɗinka ba ka gani ba, don na ji uwargida na cewa janareton gida ya fara wahalar tashi kuma ka ce fulogi ne. In ka zo biyan bashi ka taho da autan, zan ba shi sifanar fulogi mai lamba 16 kyauta, da sharaɗin ya riƙa ɓoye ta inda hannunka ba ya kaiwa. Ka gaida mutanen Tudun Wada, ka gaida motanka, ka ce ina yi masa sannu da jiki.